Jirgin China da Gaisuwar da Na Aika da Sunansa

Shekara shida ke nan da maza suka ɗauki Baban Nana daga masallaci suka kai shi makwancinsa a nan Maryland, nesa da Gusau inda aka binne cibiyarsa. Ban taɓa kiran sunansa ba yana da rai, ba kuwa zan fara a shafin jarida ba. Waɗanda suka san shi sun san wanda nake nufi. Waɗanda ba su san shi ba, ya ishe su su ji cewa injiniya ne, mijina ne, kuma akwai wani abu da na yi masa wanda har yau nake aunawa ban gama ba.

Abin da ya tado mini da maganar shi ne, kwanakin baya 'yarmu Nana ta miƙo mini wayarta ina tsinke alayyafo. Hoton bidiyo ne na jirgin yaƙin nan na China, wanda aka ƙera don ya ɓace wa rada, wato na'urar da ke hango jirage daga nesa. Ya yi juyi a sama ya buɗe cikinsa, sai ga makamai jere kamar ƙwai a kwando. Ta ce da Turanci, "Mama, jirgin Baba ne." Ba nasa ba ne, bai taɓa ganinsa da ido ba. Amma a gidanmu haka muke kiransa, saboda babu wani ƙarfe a duniya da ya shiga rayuwarmu kamar shi.

Karatun jami'a ya kawo Baban Nana garin College Park, ni kuma na biyo shi Nana tana goye. Da ya gama ya sami aiki a wani kamfani da ke yi wa gwamnati aikin rada, muka zauna a Upper Marlboro. Akwai sansanin jiragen soja kusa da mu, kuma ko yana tsakiyar cin tuwo, in jirgi ya wuce sai ya ɗaga yatsa ya faɗi irinsa tun bai leƙa taga ba. Aikin nasa yana da sharaɗi. An ba shi izinin ganin takardun sirri, shi kuma ya ɗauki alkawarin sanar da ofis duk wata hulɗa da yake yi da mutanen wata ƙasa. Bai taɓa gaya mini abin da suke yi a can ba. In na tambaya sai ya ce, "Muna shan shayi ne, Maman Nana, ana biyanmu."

A wani hunturu ne, ƙanƙara ta rufe ƙofar gareji, hotunan jirgin suka fara yawo a intanet. Hotuna ne dishi-dishi, an ce ta bayan shinge mutane suka ɗauke su. Baƙi ne, dogo, da wasu ƙananan fukafukai a gaba kusa da mazaunin matuƙi, wutsiyoyinsa biyu a karkace. Ban taɓa ganin Baban Nana ya kalli abu haka ba. Na ce masa ni fa ban gane ba, ta yaya ƙaton abu irin wannan zai ƙi ganuwa? Sai ya tashi ya ɗauko tiren silba da nake jera kofuna, ya ba ni tocila ya ce in haska. Na haska, hasken ya dawo ya kashe mini ido. Ya ɗan karkata tiren, hasken ya tafi bango.

"Kin gani? Rada aikawa take yi ta jira abin da zai dawo. In bai dawo ba, a wurinta babu kowa. Shi ya sa suka karkata komai, suka cusa makaman a ciki, suka shafe jikin da fenti mai shanye abin da aka aiko."

Na ce, "To ashe kowa ma zai iya."

Ya yi dariya ya nuna keken ɗinkina. Ya ce kowane tela zai iya kallon riga ya kwaikwayi yankanta, amma a haɗin ɗinki ake gane gwani. Wai ƙofa ɗaya da ba ta zauna daidai ba, ko kan ƙusa ɗaya da ya ɗago, ya isa ya tona jirgin. Sannan ga injin, wanda ya ce shi ne mai wuyar gaske, don ba a koyon sa daga hoto. Duk da haka bai raina mutanen China ba. Ya sha gaya mini cewa masu yi wa mutanen nan dariya ba su san haƙurinsu ba. Wannan duk abin da jaridu ke rubutawa ne, bai wuce nan ba. Bayan 'yan makonni ya dawo gida fuskarsa tana sheƙi, ya ce an zaɓe shi cikin wata ƙaramar tawaga. Bai ce ta mece ce ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai lura ya koma fita tun kafin rana ta fito, yana raira waƙa ƙasa-ƙasa, mutumin da na sani ba mai waƙa ba.

To, yana da ƙane, Sabi'u, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda shi ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu. Sabi'u makanikin jiragen soja ne a gida, kuma a daidai wannan lokacin aka tura shi China kwas na shekara ɗaya da rabi. Baban Nana ya sanar da ofis kamar yadda doka ta ce. Ba wanda ya ce masa ya rabu da ɗan'uwansa, wannan zan faɗa don kada in ɗauki alhakin kowa. An dai nuna masa cewa ƙane soja, a waccan ƙasar, a wannan lokacin, abu ne da za a sa wa ido. Shi da kansa ya yanke shawara. Ya zaunar da ni ya ce, "Zan dakatar da magana da Sabi'u har ya koma gida. Na yi masa bayani kafin ya tashi, ya gane. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

Na ce to. Amma abin bai kwanta mini ba. An raine ni a kan cewa zumunta a ƙafa take, kuma mai yanke ta yana cikin haɗari a wurin Allah. Na riƙa tuna yaron nan shi kaɗai a ƙasar da ko sallama ba a yi da harshensa. Sai na ce wa raina, ai cewa ya yi shi zai dakatar, bai ce ni ba. Na san da na tambaya zai hana, shi ya sa ban tambaya ba. Wannan ita ce gaskiyar da na daɗe ban faɗa wa kaina ba.

Na sayi katin waya a shagon wata 'yar Kumasi a Landover, inda nake sayen daddawa da busasshen kifi. Kowace Juma'a da safe, in na kai Nana makaranta, sai in kira. Sabi'u abokin wasana ne, ƙanen miji, ba ya ɗagawa sai da tsiya.

"Matarmu! Har yanzu tsohon nan bai sake ki kin dawo wurin saurayi ba?"

"Saurayin da ke cin shinkafa da tsinke? Allah ya kiyaye. Yaya sanyi, yaya karatu? Yayanka yana gaishe ka."

"Ina amsawa. Ki ce na gode."

Shi ke nan, ko minti biyar ba ma yi. Ban taɓa jin na yi ƙarya ba. Wace mace ce a ƙasarmu za ta gaida dangin miji ba ta ce maigida yana gaisuwa ba? Ba sai ya aike ki ba, haƙƙinsa ne kike sauke masa. A wurina gaisuwa ba magana ba ce, kamar yadda ruwan da ake ba baƙo ba abinci ba ne.

Ana cikin azumi aka zo sabunta izinin nasa. Ya cika fom ya sa hannu cewa tun tafiyar ƙanensa babu wata hulɗa tsakaninsu, kai tsaye ko ta hannun wani. Ni ban san da wannan ba. Ranar Sallah, mun dawo daga idi, ya kira mahaifiyarsu Hajiya a Gusau, ya buɗe muryar wayar don mu gaishe ta tare. Tana cikin sa albarka sai ta ce, "Allah ya yi maka albarka yadda ka riƙe ƙanenka. Ya ce mini ba Juma'ar da gaisuwarka ba ta isa gare shi." Baban Nana ya ce amin. Ya gama wayar lafiya, ya ajiye, sannan ya juyo ya dube ni.

Ban jira tambaya ba, na faɗa masa komai. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. Ya gaya mini abin da ya sa wa hannu. Na ce, "Gaisuwa ce fa kawai. Da kati nake kira, ba wanda ya sani. Ka yi shiru, ni kuma na daina daga yau."

Ya ce, "Jiya ban sani ba, saboda haka jiya ban yi ƙarya ba. In na shiga ofis na yi shiru, daga ranar na fara."

Na yi kuka, na roƙe shi, har na ce ya tuna shekarun da ya yi yana jiran irin wannan aikin. Ya ce ya fi ni tunawa. Da hutun ya ƙare ya sa rigarsa mai ruwan toka ya tafi ya kai ƙarar kansa. Na ji daga baya cewa ya daɗe yana ƙoƙarin fahimtar da jami'in tsaro yadda mutum zai aika gaisuwa ba tare da ya aika ba. Ba a tuhume shi da komai ba. An dakatar da izinin har a gama bincike, binciken ya ɗauki watanni, tawagar kuma ba ta jira kowa. Kafin a wanke shi an ba wani gurbinsa. Aka mayar da shi sashen rada ta filayen jirgin fasinja, a can ya ƙarasa aikinsa.

A ranar da ya kai ƙarar, da ya dawo, abin da ya fara cewa shi ne, "Ina katin nan?" Washegari da safe ya kira Sabi'u da kansa, ya rubuta kiran a takarda ya kai ofis. Haka ya riƙa yi kowane mako har Sabi'u ya koma gida, kuma ba su sake yankewa ba har ƙarshen ransa.

Da zan so in ce bai damu ba, amma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Waƙar safe ta tsaya. Sau da yawa na same shi a gaban kwamfuta yana kallon sababbin hotunan jirgin, yana auna fukafukan da biro a jikin gilashin, in ya ji motsina sai ya rufe. Sau ɗaya na nemi gafararsa a fili. Ya ce ya yafe tun ranar Sallah, kuma shi ma yana da laifin da bai yi mini bayani sosai ba. Na ce, da ana mayar da baya, wanne zai zaɓa? Sai ya ce, "Zuba mini shayi." Ban sake tambaya ba. Shekara biyu bayan haka zuciyarsa ta tsaya, yana shirin fita aiki.

Yau jirgin da aka fara gani ta bayan shinge ya shiga aikin soja, ana nuna shi a bainar jama'a. Na ji a labarai cewa har yanzu batun injinsa ne masana ke muhawara a kai, sai na yi murmushi ni kaɗai a kicin. Ina jin da yana nan zai matsa kusa da hoton ya nemi haɗin ɗinkin, ya ce sun ƙware, ya faɗa ba tare da hassada ba, don yana girmama aikin hannu ko na wane ne. Amma ina jin zai kuma yi shiru a wurin da cikin jirgin ya buɗe. Ya taɓa ce mini abin da ke ba shi tsoro shi ne wannan ya ɓuya, wancan ya koyi gani, wannan ya ƙara ɓuya, kuma duk mutanen da ke ƙasa ba a tambaye su ba. Ni ilimina bai wuce sakandare ba, amma na san waɗannan makaman ba don ado aka jera su ba. Allah ya sa su tsufa a rumbu.

Sabi'u bai san abin da gaisuwata ta jawo ba sai bayan na fita takaba. Yayansa bai taɓa gaya masa ba. Da na faɗa masa, sai na ji kukan mai tsiyar nan ta waya. Tun daga ranar bai sake ce mini matarmu ba, Yaya yake ce mini.

Watan jiya iyayen wani yaro suka je Kaduna, inda Sabi'u yake yanzu, neman auren Nana, don shi ne waliyyinta. An ce da suka tambayi abin da uban yarinya ya bari, Sabi'u bai ambaci gida ko digiri ba. Labarin nan ya ba su daga farko har ƙarshe, ya ce, "Wannan 'yar mutumin da ya kai ƙarar kansa ce, ba mai ganinsa sai Allah. In ɗanku zai iya zama da irin wannan jinin, na ba shi." Suka ce sun karɓa.

Har yanzu ban san ko na cuce shi ko na taimake shi ba, mai yiwuwa duka biyun na yi. Aikin da ya so ya wuce ba tare da shi ba, ba kuma sunansa a ko'ina a cikinsa. Abin da ya rage shi ne ƙanen da zai ɗaura auren 'yarsa, da maganar da aka faɗa a kansa a ɗakin da ba ya nan. Allah ya jiƙan Baban Nana, ya karɓi gaskiyarsa, ni kuma ya yafe mini tambayar da na ƙi yi.