Baba Sannu-Sannu da Tashar Ƙarshe ta Jirgi

Da hantsin Talata, uku ga watan nan, ina cikin ɗaye wata taya aka zo aka ce Allah ya yi maka rasuwa, Baba Sannu-Sannu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ni mai faci ne a bakin tashar bas, karatuna bai yi nisa ba, amma ina da ido. Na ga yadda kake jira tsohuwa ta zauna daram a bas ɗinka kafin ka sa giya, direbobi suna yi maka ihu, "Baba, kunkuru ma ya wuce ka!" Sai ka ce, "Ku gaishe shi."

Da maganar sabon jirgin ƙasa ta taso, aka kira taro: ya tsaya a kasuwa, ko ya haye gada ya ƙare a unguwar ma'aikata? Duk tasha ta ce kasuwa, domin in ya tsaya nan, dole mutanen tsallake su ci gaba da hawa bas ɗinmu. Kai kaɗai ka miƙe ka ce, "'Yan'uwa, matan nan masu shara da nake ɗauka, a tsaye ruwa ke dukansu suna jiran mu cika. A haye da shi." Ka san abincinka kake turewa.

Washegari aka cire ka daga layin lodi. Sai kowa ya cika ya tashi a ba ka ragowa. A bencina kake zama, ana wucewa ba sallama.

Ranar jana'izarka mutanen tsallake ne suka cika sahun gaba. Mu 'yan tasha muka raɓe a baya kamar baƙi. Bayan kwana biyu Inna, matarka, ta zo tasha da makullin motarka a tafin hannu. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "'Ya'yana, wa zai riƙa ɗauko masa mutanensa da safe?" Kowa ya sunkuyar da kai. Gara a ce zaginmu ta yi.

Alhamis mai zuwa za a yi zaman ƙarshe kan jirgin. Ban iya magana a taro ba, kuma rumfata a ƙasar tasha take, ana iya tashina. Duk da haka zan miƙe in ce a haye da shi.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya yalwata makwancinka. Inna da yara, Allah ya ba ku haƙuri. Mu kuma, ku yafe mana.