Tanti Hamsatou da Kwalliyar Maulidin Yara

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Fabrairu 2008, bayan sallar azahar, Malam Maazou ya kira ni yana cewa matarsa Hamsatou ta cika a asibiti nan Greensboro. Ciwon ƙirji ne da kowa ya ɗauka mura ce ta sanyi. Ina tsaye a kicin, sai na zauna a ƙasa.

Yaya Hamsatou, mutane da yawa za su faɗi alherinki. Kin yi wa rabin matan garin nan kitso a shagonki na High Point Road, kuma baƙuwar da ta sauka daga Nijar ba ta san kowa ba, a falonki take kwana har ta samu ɗaki. Ni abu ɗaya nake so in faɗa, shi ne abin da kika yi wa 'yata Chamsiya.

A 2005 ne, lokacin da sanyi ya saki gari, itatuwa suka fara fure. Chamsiya tana da shekara bakwai, ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, da kwando cike da ƙwai masu launi na bikin Ista. Ta tambaye ni da Turanci me ya sa mu ba mu da komai mai kyau. A lokacin ta riga ta daina Hausa. In yi mata magana da Hausa, ta amsa da Turanci. In kakarta ta kira, ta ɓuya a bayan gida. Ran nan ta ce min ita ba 'yar Nijar ba ce. Na zo miki ina kuka, ina cewa yarinyar nan ta fita daga hannuna.

Kika bar ni na yi kukana, sannan kika ce Maulidi saura 'yan makonni, in kawo ta ran Asabar, in gaya wa sauran mata su kawo nasu, yara za su haɗa kayan kwalliyar Maulidi.

Yara tara muka tara a ɗakinki. Babu abin da kika saya. Jakunkunan takarda na kantin cefane kika tsaga, da kwalayen abincin safe na yara. Ja daga zoborodo, rawaya daga gangamau, shuɗi daga bular wanki. Gam kuwa fulawa kika dama kamar koko, har wani ƙaramin ya lasa ya ce babu sukari. Kika nuna musu yadda ake ninka takarda a yanke, a buɗe sai ga jinjirin wata, ga tauraro, ga irin zanen da ke jikin tsoffin gidajen Birni a Damagaram. Dokarki guda ce: mai son almakashi ko launi, ya roƙa da Hausa. Almakashi kuma biyu kawai kika fitar. Daga baya na gano akwai wasu a jakarki, da gangan kika ɓoye su. Kai, Yaya, kin iya wayo.

Chamsiya ta yi zaune ta naɗe hannu, ta cika ta yi fam. Ba ki ko kalle ta ba. Da ta ga kowa yana da wata sai ita, ta matso ta ce a hankali, "Tanti, ba ni almakashi." Kika miƙa mata kamar ba wani abu ya faru ba. Ni kuwa na shiga kicin don kada ta ga idona.

Sai muka yi shirme irin namu. A gida wannan lokacin zafi ne, abin da ka shanya a waje kafin la'asar ya bushe ƙarau. Muka jera komai a baranda, kowa ya tafi gidansa. Ruwa ya sauko, ya wanke launin ya zubo har barandar maƙwabcin ƙasa. Abin da ruwa ya bari, kuregu suka ƙarasa, don su fulawa suka sansano. Washegari kika kira ni kina dariya har kina tari, kina cewa kuregun Amirka sun riga mu cin Maulidi. Na zaci yara za su yi fushi. Ashe murna suka yi, don sun samu dalilin dawowa. Karo na biyu a bayan kujeru muka shanya, ɗakin Malam Maazou ya kwana uku yana warin zoborodo.

Maulidi uku kika yi da su haka. Kin sha gaya min cewa watan yana ja baya kowace shekara, nan gaba kaɗan zai faɗa cikin sanyi ya rabu da Ista, don haka mu yi sauri yara su kama abinsu tun yana kusa da na abokansu. Bana ga shi Maulidi da Ista za su zo mako ɗaya, kuma ba kya nan. Furanni za su fito a bakin hanya ba ki gani ba. Ni ban iya yanka tauraron nan ba, Yaya. Shekara uku ina gefenki ina dama fulawa, ban taɓa tunanin in koya ba, don na ɗauka kina nan. Ina kewarki. Ina wucewa ta shagonki in rage gudu, in tuna, in wuce.

Ran addu'ar uku, mata sun cika falonki, sai mahaifiyarki Hajiya ta kira daga Damagaram. Waya tana zagayawa hannu zuwa hannu, kowa na yi mata gaisuwa. Da ta zo kaina, Chamsiya ta miƙo hannu. Babu wanda ya sa ta. Ta durƙusa kamar tsohuwar tana gabanta, ta ce, "Hajiya, ina wuni. Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Tanti. Ita ta koya mana."

Muna jin muryar Hajiya daga wayar tana tambaya 'yar wace ce wannan, yaushe aka kawo ta daga gida. Na karɓa na ce mata a nan aka haife ta, ba ta taɓa taka Nijar ba. Hajiya ta ce to Hamsatou ba ta yi zaman banza a can ba.

Allah Ya gafarta miki, Yaya Hamsatou, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarki. Malam Maazou, Alassane ɗanta, Hajiya da dukan dangi a Damagaram, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu iyayen yaran da ta zaunar a ɗakinta, Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da ta bar mana a bakunansu. Amin.

Jimmai Habibou, Greensboro