Ranar da Arɗo Juli Ya Ce a Karanta Masa da Fulatanci

Abubuwa da yawa na aiki sun zube mini daga ka, amma ban taɓa mantawa da ranar da Arɗo Juli ya hana majalisarmu cin rago da zafinsa ba. Ku da kuka shigo aiki bayanmu, ku matso ku ji. Sunan kwamin ɗin, wato ƙaramar hukumar, ba zan faɗa ba. Tana bakin Komadugu, ba nisa da Diffa, kuma ni ne tafintanta har na yi ritaya.

Ga wanda bai san aikin ba, kwamin tana da majalisar konseye, wato zaɓaɓɓun wakilan ƙauyuka, magajin gari ke shugabantar zamansu. Sakatare janar, wanda muke ce wa Esje, shi ke rubuta takardu da Faransanci. Ni kuma in juya su zuwa Hausa da Barbarci, don yawancin konseyen manoman tattasai ne da makiyaya, ba su yi lakwal ba, wato boko. A ƙa'ida kowace magana sai an karanta ta, an tattauna, an ɗaga hannu, sannan a wuce ta gaba. In an gama a aika wa prefe, wakilin gwamnati a yankin, ya duba.

To, a shekarar nan zaman ƙarshen shekara ya makara. Ruwan kogi ya yanke hanya, da ya janye kuma kowa ya faɗa gonar tattasai. Daga ofishin prefe sai waya suke yi mana. Esje, saurayi ne mai kaifin kai da gaggawar tsiya, sai ya tattara komai ya ɗinke wuri guda: kasafin kuɗi, gyaran rumfunan kasuwa, rufin ɗakin haihuwa, rijiyoyi, da sauran tarkace. Ɗaga hannu ɗaya, an gama. Wayon abin shi ne kowane konseye yana da nasa a ciki. Kowa ya tambaya aka ce masa nasa na nan, sai ya gyara zama.

Ga kuma rago ana gasawa a bayan meri, wato ofishin magajin gari, ƙamshi na shigowa ta taga. Al'adarmu ba a cin abinci sai an rufe zama.

Esje ya raɗa mini, "Baba Kiyari, yau a taƙaice kawai."

Na ce, "Ɗana, takarda mai kaurin katifa ce zan taƙaita? Kai ka karanta ta duka?"

Magajin gari ya ce, "Malam Kiyari, taimake mu, prefe na jira."

Raina ya ɓaci, amma na karanto kanun maganganun da Hausa, na maimaita da Barbarci. Kafin in rufe baki hannaye sun fara tashi.

Sai muka ji murya daga bakin ƙofa. Arɗo Juli ne, wakilin makiyaya, dattijo siriri wanda bai cika magana a majalisa ba. Ya ce, "Mi nanaay. Ban ji ba. A karanta mini da Fulatanci, ɗaya bayan ɗaya."

Dokar cikin gida ta majalisa ta ba kowane konseye wannan dama, sai dai ba wanda ya taɓa nema. Zauren ya ɗauki dariya, don kowa ya san Arɗo ya fi ni Hausa. Alhaji Gremah, babban manomin tattasai, Babarbare kuma abokin wasansa, ya ce, "Kai Bafillace! Jiya a kasuwar shanu da wane harshe ka cuce ni?"

Arɗo ya ce, "Jiya saniya na sayar maka, kana ganinta, ka buɗe bakinta ka duba haƙora. Yau ni ban ga abin da ake sayar mini ba."

Wallahi har cikin raina na ji daɗi, sannan na tuna aikin a kaina zai faɗo. Fulatancina na sayen nono ne. Ba ni da manyan kalmomin da zan ɓuya a bayansu, dole kowace magana in fahimce ta tukuna, in faɗe ta yadda yaro zai gane. Haka muka riƙa tafiya kamar jakin da aka yi wa lodi. Esje na duban agogo, Alhaji Gremah na duban taga.

Can tsakiya muka iso wata magana mai daɗin ji da Faransanci: za a sake ware wani fili na bakin kogi domin amfanin jama'a, a kewaye shi da waya. Na juya ta iyakar iyawata. Arɗo ya ce, "Toye? Ina ne?"

Na juya ga Esje na ce, "Wane fili?"

Ya karanto mini lamba.

Na ce, "Arɗo ba ya kiwo a lamba. Kusa da me yake?"

Ya juya takardu, ya sake juyawa. A ƙarshe ya ce shi daga dosiye, wato takardun wani shirin lambu, ya kwafo, bai taɓa zuwa wurin ba. Aka ɗauko taswira aka shimfiɗa. Alhaji Gremah, wanda ya san bakin kogin nan kamar tsakar gidansa, ya sa yatsa ya bi, ya ɗago kai, dariyarsa ta ɗauke. Ya ce, "Ai gindin tsamiya ne."

Gindin tsamiya nan ne burtali ya ƙare, nan ne mashaya. Gonakin tattasai sun cinye sauran gaɓar, wurare na nesa kuma rashin tsaro ya hana zuwa. In aka kewaye wurin, da rani shanu ba su da inda za su sha, sai su faɗa gonakin mutane. Abin da ke biyo bayan wannan kuwa duk mun sani, ba na so in faɗa.

Magajin gari ya yi gyaran murya ya ce, "To, a amince da duka yanzu, wannan sai a gyara daga baya."

Arɗo ya miƙe a hankali, ya dafa sandarsa. Ya ce, "Ba laifi, ranka ya daɗe. Sai dai shanunka da ka ba ni kiwo, daga gobe in kawo su nan meri su sha a pampo?"

Magajin gari ya ce, "A gindin tsamiyar suke sha?"

"Da kana tsammani shayi nake dafa musu?"

Kai, jama'a! Hajiya Falmata, konseyen da ta kawo maganar ɗakin haihuwa, sai da ta rufe fuska da mayafi don dariya. Magajin gari da kansa ya dara, ya ce a warware ƙunshin nan, a bi shi ɗaya bayan ɗaya. Zaman da aka so gamawa kafin azahar sai da ya kai washegari. Prefe ya jira, kuma ba abin da ya same shi. Aka nema wa lambun wani wuri, mashaya ta tsira.

Da aka tashi na tarar da Arɗo a bakin ƙofa yana sa takalmi. Na je ina dariya ina yi masa jinjina, sai na ga shi ba dariya yake ba. Ya ce, "Malam Kiyari, da a ce magajin gari ba shi da ko saniya ɗaya a hannuna fa?"

Tambayar nan ta daɗe tana ci mini rai. Mutanen nan ba mugaye ba ne. Esje gaggawa ce ta kwashe shi, konseye kuma kowa nasa ya hango. Amma da hannayen nan sun gama tashi, da ba wanda za a kama a ce shi ya rufe mashaya, kowa zai ce ai shi rijiya ya zaɓa.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu aikin yanzu, duk ranar da aka miƙo muku ƙunshi aka ce a taƙaice, ku tsaya ku tambaya: ina ne, kuma wa zai shafa? Ku tambaya ko da za a harare ku, don ba a kowace mashaya shanun magajin gari ke sha ba.