Yunusa, Ban Taɓa Tambayarka Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, biyar ga watan Agusta, da hantsi, labari ya iso Damagaram cewa Allah Ya karɓi ran Yunusa Alkasum, soja, ɗan unguwar Birni, bayan motar da suke ciki ta taka nakiya a yammacin ƙasa. Can aka yi masa sutura tare da abokan aikinsa. Shekararsa ashirin da huɗu.

Mutane da yawa suna ɗauka yaro ba ya shiga soja sai karatu ya gagare shi. Ko a zaman makoki na ji wani yana faɗin haka ƙasa-ƙasa. Ni na koyar da Yunusa lissafi shekara uku a lise, wato babbar sakandare, kuma ni nake ba ɗaliban ajin ƙarshe shawara kan abin da za su yi bayan bak, jarrabawar kammala sakandare. Ina shaida, shi ne na biyu a makarantarmu shekarar da ya fita.

Yunusa, ba zan manta da kai ba a gindin darbejiyar bakin aji, kana yi wa 'yan ajinku bitar abin da na koyar da safe, da bayanin da ya fi nawa sauƙi. Lokacin bazarar da ruwa ya yanke a unguwarku kusan wata guda, kai ne kake tura amalanken jarkoki zuwa gidajen tsofaffi kafin ka zo makaranta. Na yi maka faɗan makara har sau uku. Sai daga baya wata tsohuwa ta gaya mini dalili.

Da sakamako ya fito, na cika maka dosiye, takardun neman shiga jami'a, da hannuna. Ka zo ka tsaya a ƙofar ofis, ka kira ni yadda ɗalibai suke kiran malami, ka ce, "Mushe, ni soja nake so." Na zaunar da kai. Na yi magana fiye da awa ɗaya: injiniyoyin da ƙasa take buƙata, basirar da Allah Ya ba ka, haɗarin bakin daga. Ka saurara har na gama, ka yi godiya, ka tafi. Duk hutun da ka samu sai ka zo gaishe ni, ni kuma sai na jawo durowa na nuna maka takardun, na ce, "Dosiyenka yana nan fa." Sai ka yi murmushi ka ce, "A ajiye, Mushe."

Ɗan Azumi, abokin aikinka da ya kawo kayanka gida, ya ce a bariki kana tara waɗanda ba su yi boko ba kana koya musu karatu da gawayi a jikin bango. Ya ce wani daga cikinsu da kansa yake rubuta wa matarsa saƙo yanzu.

Ranar addu'ar uku mahaifiyarka Inno ta aika aka kira ni. Ba ta zarge ni da komai ba. Cewa ta yi, "Malam, duk ranar da zai je wurinka sai ya ce mini yau zai gaya maka dalilinsa. In ya dawo na tambaye shi, sai ya ce, Inno, Mushe ya fara magana." Na ce ita ya gaya mata? Ta girgiza kai. "Ni albarka kawai ya nema, na sa masa. Kai yake so ya gaya wa."

Shekara biyar, Yunusa. Ka shiga ofishina ya fi sau goma, ban taɓa cewa "me ya sa?" na yi shiru ba. Tun ranar da Inno ta faɗa mini haka, in na buɗe baki a aji, sai na ga kamar kana tsaye a bakin ƙofa kana jira na kai aya.

Inno tana da wata buƙata. Ƙanwarka Wasila ta ci bak bana, ita ma ta ce kaki take so, kuma rasuwarka ba ta sauya mata ra'ayi ba. Inno ta ce na yi mata magana. Jiya Wasila ta zo. Na tambaye ta dalilinta, na dafe bakina. Ta yi ta magana har aka kira azahar. Ban san abin da za ta zaɓa ba, ita ma ba ta gama sani ba. Za ta dawo ranar Asabar.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya karɓe ka cikin shahidai, Ya haskaka kabarin da ba mu san inda yake ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Alkasum da Inno da Wasila da dukan dangi na Birni da na Droum. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa.

Kai kuma mai karatu, in akwai matashi a gidanka da yake tsakanin jami'a da bariki, bayan ka yi wa Yunusa fatiha ka kira shi yau. Ka tambaye shi dalilinsa, kada ka katse shi.