Gadin da Na Karɓa a Ƙal'ar Ajyad

Ranar Laraba ce, bayan sallar Azahar, cikin watan Shawwal na shekarar da aka rushe Ƙal'ar Ajyad, ni da Isa direban katafila muka hau tsaunin da take kai domin in tabbatar babu kowa ciki kafin injuna su fara. Ga wanda bai sani ba, ƙal'ar nan gidan tsaro ne na dutse wanda Turkawa suka gina yana kallon Harami, domin kare Ɗakin Allah da alhazai daga mahara. Kakanninmu da suka zo Makka da ƙafa, a ƙarƙashinta suka yi ɗawafi.

Wallahi abin da zan faɗa ya faru. Ni ba na ƙara wa magana gishiri. Makarantar mishan ta kankare mini wannan da bulala.

A bakin ƙofa na tarar da wani dattijo tsaye ƙyam, sanda a kafaɗa. Na yi masa magana da Larabci, ya amsa da Sakkwatanci irin wanda ban ƙara ji ba tun rasuwar kakata. Na ce, Baba, a sauka, za a rushe wurin. Ya ce mai gadi ba ya barin ƙofa sai wani ya karɓe shi, kuma ya daɗe yana jira.

"Ɗana, amshe ni in tai in huta."

Na ce na karɓa. Ya miƙo sandar, na juya domin Isa ya shaida, da na waiwayo babu kowa, babu ko sawu. Isa ya rantse ni kaɗai ya gani ina magana, amma da ya ga sandar a hannuna, sai ya gangara a guje. Ni kuwa na tsaya a bakin ƙofar, sanda a kafaɗa.

Mudir, shugaban aikinmu, ya hawo yana faɗa, ya ce in kauce ko in rasa aiki da iƙamata, takardar zamana a ƙasar.

Na ce, "Bisa ƙa'ida na karɓi ƙofar nan. Kawo wanda zai karɓe ni."

Duk leburorin nan babu wanda ya yarda ya taɓa sandar. Ina tsaye har Magariba, sannan aka ɗauke ni cak.

Ban yi nadama ba. Amma ku kiyaye: kada ku ce kun karɓi amanar da ba ku tambayi ranar sauke ta ba.

Aikin ya tafi, iƙamar ta tsira da ƙyar. An rushe ƙal'ar, an baje tsaunin. Sandar tana bayan ƙofata a unguwar Ka'akiyya, kuma har yau babu wanda ya karɓe ni.