Gaisuwa a ƙarƙashin babur

Jama'a, yau ladabi ya kusa karya min ƙafa!

Ƙaton babur ɗin tafiyar nesa da wana ya kawo daga Maraɗi na hau, za ni garin Isa. A Unguwar Lalle sai ga surukina zaune gindin bishiya. Na tsaya, na rusuna daga kan sirdi yadda na saba da ƙaramin babur ɗina. Kai! Sai ya rinjaye ni, tim, ya danne ni cikin yashi! Salansa na ƙona ni.

Tsohon ba ya gani sosai. "Ina gajiya? Ina iyali? Ya gero?"

"Lahiya lau, Baba!" Ina cije baki.

Sai da ƙarti uku suka ɗaga shi. Ga ƙuna a ƙwaurina, shi ko Baba sai yabo yake: wai duk surukansa ni kaɗai ke kwantawa ƙasa in gaishe shi!