Ƙugiyar shaidar gidanmu

Ran wata Laraba ce, bayan sallar layya da 'yan kwanaki, shekara guda kafin babban farin da ya share mana garke. Ina da shekara tara ko goma, ba wanda ya rubuta. Baba ya hura wuta a bakin rijiyar ƙauyenmu, can wajen Gidigir, ya cusa ƙarfen lalas a ciki har ya yi ja. An durƙusar da wata 'yar taguwa, an ɗaure mata gwiwa, aka ba ni akala in riƙe. Ƙanwar Baba, Gwaggo Falmata, ita ke miƙa ƙarfe, don ita ba ta san tsoro ba. Kafin ya ɗora, Baba ya tsuguna ya zana shaidar gidanmu a rairayi da yatsa: sanda biyu a tsaye, ƙugiya a ƙarƙashinsu. "Duba da kyau," in ji shi. "Wannan ce tamu. In ƙugiyar ta kalli ɗaya gefen, ta wasu mutanen Kelle ce." Ya shafe da tafin ƙafa. Da ƙarfe ya taɓa fata, taguwa ta yi ruri, ƙaurin gashi ya cika mini hanci, na runtse ido.

A lokacin ban ɗauke ta bakin komai ba, don shaidar tana ko'ina. Tana cinyar kowane raƙumi da nake bi da safe, ƙarangiya na cin ƙafata. Tana wuyan jakin da muke ɗora wa salka. Aikina shi ne in kora awaki zuwa kwari, inda ake lambun rogo da dabino tsakanin tuddai, in tsare su kada su faɗa wa shukar mutane. Da rana ta take mu taru gindin goruba, mu haƙa gurbin dara a ƙasa, mu yi ta faɗa a kan ƙwallo ɗaya. Da yamma langa, har Inna ta ƙwala kira a zo a ɗauki tuwo. Lakwal, wato makarantar boko, shekara biyu na yi, malamin ya ce kaina na wurin awaki, kuma gaskiyarsa. Wa zai zauna ya haddace abin da yake gani kullum?

Sai fari ya zo. Ba zan ja zancen ba. Dabbobi suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, fatun da ke ɗauke da shaidar suka bushe a daji. Muka dawo garin Gure, Baba ya koma dakon kanwa, ƙarfen lalas ya ɓace wajen ƙaura. Bai sake zana komai a ƙasa ba har ya rasu. Ni kuma na yi tura, na yi lebura, na yi yaron kamiyo, babbar motar kaya, gwiwoyina suka tsufa kafin ni.

Bara Allah ya nufa na sayi taguwa, ta farko a gidanmu tun wancan zamani. Maƙeri ya ce in zana masa shaida ya ƙera ƙarfe. Na tsuguna, na ja sanda biyu, sai yatsana ya tsaya. Dama ko hagu? In na kuskure, ran da ta ɓace aka tsince ta a rijiya, wasu za a kai wa, ba ni da bakin magana. Abin da ya fi ci mini rai ma, in ƙona wa dabbar ɗan Baba shaidar wani gida.

Mutum ɗaya ya rage da ya sani, Gwaggo Falmata, ita kuma yanar ido ta rufe ta. Na zana a rairayi, ba ta gani. Na zana da gawayi a bango, ba ta gani. Na ce ta zana mini da kanta, abin ya fito kamar sawun kaza. Na tambaye ta da baki, ta ce ita ba ta san dama da hagu a baki ba, ido ne ya sani. Haske mai ƙarfi kaɗai take gani, shi ma sai ta manna shi a fuska.

'Yata Zara, da ke karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Damagaram, ta zo hutu. Ta zana a wayarta ta miƙa. Gwaggo na kai ta ido, hanci ya taɓa gilashi, zanen ya gudu, wasu hotuna suka fito. Aka sake, goshi ya taɓa. "Ke 'yar lakwal," in ji Gwaggo, "abin naki mai ƙyuya ne, kamar ubanki da yana yaro."

Zara ta ɗauko wata tsohuwar wayata da ta daɗe tana wasa da ita. Ta riga ta karɓe makullinta gaba ɗaya, abin da suke ce wa rut. Ta jona ta da ordinatar ɗinta, ta kwantar da duk abin da ke motsi a cikinta, fuskar ta yi baƙi ƙirin, ko ka danna ba ta ji. Ta ce mini fuskar waya kamar gonar gero ce, rami-rami, layi bayan layi, kuma akwai wani wuri a cikin wayar, duk lambar da ka zuba a gurbin rami, ita ce launin da zai fito a gilashi. Da yaren da injin ke ji ta rubuta, wai sunansa Se, ba ta bi ta hannun kowa ba. Zanen farko ya fito a karkace, sanduna sun kwanta kamar iska ta buge su. Ta yi tsaki, ta ce kowane layi yana da ɗan wutsiya da ido ba ya gani, ba ta lissafa da shi ba. Ta gyara. Sanda biyu farare tas suka tsaya a kan baƙi, masu kauri kamar yatsa, ƙugiya na kallon dama.

Gwaggo ta manna wayar a ido, hanci da goshi duka, zanen bai motsa ba. Ta ƙura masa ido. "Wannan ta Kelle ce," ta ce. Zara ta juya ƙugiyar. Gwaggo ta sake dubawa, sai ta kira sunan Baba na yarinta, wanda ban taɓa jin kowa ya faɗa ba. "Ita ce. Ka ja wutsiyar ƙugiyar ta ɗan fi haka, kai ba ka rowar ƙarfe." Ta ɗauka da wanta Baba take magana ba da ni ba, ban gyara mata ba. Na zauna a ƙasa kusa da ita.

Da can yatsa ne da rairayi, a shafe da ƙafa, don garke na nan yana tunatar da kai. Yanzu taguwa ɗaya ce, da gilashi, da yarinyar da ba ta taɓa riƙe akala ba. Ran lalas ita na sa ta riƙe. Na ce mata ta duba da kyau. Ni ma wannan karon ban runtse ido ba.